Ba matasa kaɗai ke sha ba: a waiwayi dattawa da matan cikin gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a jaridarka in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a nan Kano. Na shekara 33 ina aiki, mafi yawa a ɗakin kwanciyar maza, sauran a ɓangaren mata, kafin in ajiye. Yanzu ina gida da jikoki, rediyo a gefena, jarida kuma in an kawo mini. Duk sanda aka tayar da zancen shaye-shaye, a huɗubar Juma'a ne ko a rediyo ko a taron da hukuma ta shirya, kalma ɗaya nake ji: matasa. Matasa sun lalace, a ceto matasa. Ban musa ba. Amma yaron da yake sha yana ɗan shekara 22, ina yake zuwa in ya kai 60? Yana nan cikinmu. Ya yi furfura, ana ce masa Baba ko Alhaji, ana matsa masa a sahun gaba. Da yawa sun tuba sun daina, Allah ya karɓa. Wasu kuwa salon shan kawai suka sake.

Na san wani zai ce, giya a Kano? Ai tun shekarar 2000 aka ƙaddamar da Shari'a, a 2003 aka kafa hukumar Hisbah da doka, kuma muna gani ana bi ta kan kwalabe da katafila. Haka ne. A 2013 an farfasa kwalabe 240,000 a rana guda, a 2022 kuma kusan miliyan 4. Ina tare da wannan aiki. Sai dai mu tambayi kanmu, da ba a kama su ba, cikin wa za su shiga? Mun saba mu ce ai na baƙin Sabon Gari ne, mu shafa wa kanmu ruwan sanyi. To ni waɗanda na yi jinyarsu da kumburarren ciki da idanu jawur da shawara, da yawansu sunanmu ɗaya, Hausarmu ɗaya, daga cikin ganuwa aka kawo su.

Ga wani abu da na gani da idona, kuma ba sau ɗaya ba. An kawo mana wani dattijo da zai haura 65, ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Mutum mai fara'a, carbi a hannu, 'ya'yansa sun cika baranda da kulolin abinci. Daren farko lafiya lau. Dare na biyu barci ya gagara, hannu ya kama rawa, ko kofin shayi ba ya iya kaiwa baki sai ya zubar. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, sai ga shi ya jiƙe sharkaf da gumi, ya fizge robar ƙarin ruwa, yana nuna bango yana cewa a kore masa ƙadangarun da suke hawowa gado. Jini ya hau, zuciya tana bugawa kamar za ta fito. Babban ɗansa ya ce iska ce, wata 'yarsa ta ce sammu ne, aka buga waya a zo da mai ruƙiyya da asuba. Ni kuwa na ga irin wannan a baya. Na ja ƙaramin ɗan, wanda yake tuƙa shi a mota, muka koma bakin famfo inda babu kowa. Na ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, Baba yana shan wani abu?" Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Can ya ce, "Sista, yana ɗan taɓawa. Kullum bayan isha'i. Amma don Allah kada su Yaya su ji."

Wannan 'yar maganar ita ta ceci ransa, da ikon Allah. Ƙwaƙwalwar da ta shekara da shekaru tana samun barasa kullum takan daidaita kanta da ita, ranar da aka yanke mata kwatsam sai ta birkice. Yakan fara da karkarwa da tashin zuciya cikin yinin farko, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, mafi munin kuma yakan zo a kwana na biyu zuwa na uku, da sambatu da gane-gane. Yana kisa. Alhali maganinsa sananne ne, ba shi da tsada: maganin kwantar da jijiyoyi da likita zai rubuta a riƙa rage shi sannu a hankali, da bitamin B1, da ruwa, da sa ido. Amma sai an san abin da ake yi wa magani. Dattijon nan ya warke ya koma gida, har yau ina jin manyan 'ya'yansa suna ganin aljanu ne suka sake shi.

Shan saurayi daban, shan dattijo daban. Saurayi cikin abokai yake sha, ranar Asabar, ko ƙarshen wata in albashi ya shigo, ko wurin biki. Zai ɗura da yawa a zama ɗaya har ya yi mankas, don kada a ce ya gaza, sannan ya yi kwanaki bai leƙa ba. Ɓarnarsa a titi take fitowa: ya faɗi da babur, ya daki wani da adaidaita sahu, ya yi dambe, ya kwana a caji ofis. Shi ya sa kowa yake ganinsa. In ya yi aure, 'ya'ya suka zo, kuɗin makaranta da cefane suka hau kai, yawanci sai ya ja baya. Masu bincike a ƙasashe da dama sun tarar da haka, cewa shan maza yakan kai ƙololuwa ne a shekarun ashirin da wani abu, daga nan ya fara sauka. Amma akwai rabin maganar da ba a cika faɗa ba. Wanda bai daina ba, in ya manyanta, abin da yake sha a zama ɗaya yana raguwa, kwanakin shan kuma suna ƙaruwa, har ya zama kullum. Ya bar mashaya, ya koma ɗakinsa, ko cikin mota, ko bayan shago in an rufe. Ba ya tangaɗi, ba ya zage-zage. Yana tauna goro ko kanumfari, ya fesa turare, ya shigo gida da sallama. Za ka shekara 20 kana gaisawa da shi a ƙofar masallaci ba ka sani ba.

Sannan akwai waɗanda suka fi ba ni tausayi, waɗanda da girmansu suka fara, ko suka koma bayan sun daɗe da bari. Masana sun ƙiyasta cewa cikin dattawa uku masu matsalar sha, kusan ɗaya irin wannan ne. Mutum ya yi ritaya, jiya ana miƙe masa a ofis, yau ba mai buga masa waya, fansho sai an ga dama. Ko uwargidan da suka shekara 40 tare ta rasu. Ko kasuwa ta karye. Duk wanda ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa lokacin da masaƙu suke aiki dare da rana, ya san dubban magidantan da suka wayi gari ba aikin yi sa'ad da aka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Namijin Bahaushe ba ya kuka a gaban mutane, ba ya cewa ina cikin damuwa. Cewa zai yi barci ne ba ya samu.

Wani abin kuma, ba duk mai shan barasa ne ya yarda barasa yake sha ba. Akwai waɗannan ƙananan kwalabe da 'yan ledoji masu ɗaci da ake kira bitas, ana sayar da su da sunan maganin basir, ko ciwon baya, ko ƙarin kuzarin maza. Na sha tambayar majinyaci ko yana shan giya, ya ce a'uzubillahi, da gaske kuma yake, sai matarsa ta fito da kwalbar "maganin basir" daga jaka. Giyar kwalba yawanci barasar cikinta kashi 5 ne cikin 100. Wasu daga cikin waɗannan suna kai kashi 30 zuwa 40, an kuma rubuta a jiki da ƙananan baƙaƙen Turanci da idon dattijo ba ya gani. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni. Hujjar da aka fi kawowa ita ce yara 'yan makaranta. Gaskiya ne, amma ledar da take shiga aljihun yaro ita ce take shiga aljihun babbar riga.

Abin da dattijo mai sha bai sani ba shi ne jikin ya canza masa. Da tsufa tsoka tana raguwa, ruwan jiki yana raguwa, barasa kuwa cikin ruwan jiki take bazuwa. Cokali ɗaya na sukari a babban kofi da cokali ɗaya a ƙaramin kofi ba zaƙinsu ɗaya ba. Abin da yake sha yana 30 bai ji komai ba, yanzu shi ne zai kayar da shi a banɗaki. Hanta ma ta rage sauri. Ga kuma magunguna, don da wuya ka samu ɗan shekara 60 a garin nan da ba ya shan na hawan jini ko na suga ko na ciwon gwiwa. Barasa tana tayar da jini, sai a yi ta ƙara masa magani ana mamakin ya ƙi sauka. Mai shan maganin suga in ya haɗa da ita bai ci abinci ba, sugan yana iya faɗuwa cikin dare ya suma a gado. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen in suka haɗu da ita suna ƙwarzane ciki, sai aman jini ko baƙin bayan gida. Ƙwayar barci da barasa kuwa suna iya danne numfashi gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Hantar da ƙwayar cuta take ci ta gefe ɗaya, barasa ta ɗaya gefen, ba ta daɗewa. Mu kuwa a gida komai sai mu ce tsufa ne: mantuwa tsufa, faɗuwa tsufa, rawar hannu tsufa.

Maganar mata ta fi ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya, miliyan 2 daga ciki maza ne. Wannan sai ya sa a ɗauka mata ba su cikin lissafi. Suna ciki, a ɓoye. Mace a Kano ba ta zuwa mashaya. Abin ne yake zuwa mata har ɗaki, ta hannun ƙawa, ko dillaliya, ko yaron aike da bai ma san abin da ya ɗauko ba. Akasari kuma ba giya ba ce, ko da yake na ga wadda ake zuba mata a robar lemo. Maganin tari ne mai kodin, da ƙwayoyin barci, da tiramol. Kowa ya tuna 2018, lokacin da binciken BBC ya tona yadda kodin ya yi katutu a Kano, Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a farkon watan Mayun shekarar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce, a rahotonsa na 2018, mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Je ka leƙa layin masu neman magani ka ƙirga matan da za ka gani.

Su ma shekaru suna sauya musu salo. Budurwa wurin biki take farawa, a ɗakin ƙawayen amarya, don a ce ita ma ta waye. Wannan muna ganinta, muna kuma yi mata faɗa. Wadda ba ma gani ita ce 'yar shekara 35 zuwa 45, mai 'ya'ya shida, wadda aka yi wa kishiya ba a ko sanar da ita ba, ko wadda take zawarci na uku a ɗakin mahaifiyarta, ko wadda mijinta yake wata uku bai kwana gari ba. Duk wadda na tambaya amsa ɗaya ce: "Don in samu barci ne, Sista." Daga rabin ƙwaya zuwa ɗaya, zuwa uku. In ta haura 55 kuma sai abin ya sake suna, ya zama "maganin Hajiya". Jika ne ma zai je kemis ya karɓo mata. Na taɓa jinyar wata baiwar Allah, kaka ce, da aka kawo da gyambo a cinya. Da na ɗaga zanen, cinyoyin biyu sun taurare kamar itace, tabon allura ba wurin sa yatsa. Allurar kashe ciwo ce da ake kira fenta, an fara yi mata ne bayan tiyata shekaru da suka wuce, daga baya ta koyi yi wa kanta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki rufa mini asiri, surukaina suna waje." Ban taɓa mantawa da sanyin hannunta ba.

Jikin mace kuma bai kai na namiji jure barasa ba, ko da nauyinsu ɗaya, saboda ruwan jikinta bai kai nasa ba. Hantarta tana lalacewa cikin shekaru kaɗan da abin da bai kai nasa yawa ba, barasa tana ƙara haɗarin sankarar mama, mai ciki kuma abin da ta sha yana isa ga ɗan. Amma abin da ya fi kashe ta shi ne hukuncin da muke yanke mata. Namiji in asirinsa ya tonu, a ce Allah ya shirye shi, matarsa ta ci gaba da dafa masa tuwo. Mace in nata ya tonu, takardar saki ce, a ƙwace 'ya'ya, 'yan matan da ta haifa ma manema su janye. Wace ce za ta buɗe baki a haka?

Ba ina neman a sassauta haramci ba ne. Giya haramun ce, abin da mai yawansa yake sa maye kaɗan ɗinsa ma haramun ne, a kan haka aka tarbiyyantar da ni, a kai kuma zan mutu in sha Allah. Amma malamanmu sun fi ni sanin cewa haramcin a mataki-mataki ya sauka, daga ayar Baƙara, zuwa ta Nisa'i da ta hana kusantar salla cikin maye, kafin ta Ma'ida ta rufe ƙofa. Sun kuma san hadisin mutumin da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ina roƙon limamai, in za a yi huɗubar shaye-shaye, a tuna cewa mai matsalar yana iya kasancewa a sahun farko, ko matarsa tana saurare ta lasifika daga cikin gida. A faɗa masa ƙofar tuba a buɗe take, a kuma faɗa masa cewa wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki, ya je asibiti a taimaka masa ya bari lafiya.

Abokan aikina da suke bakin aiki, ku riƙa tambaya. Kowane majinyaci, mai rawani ne ko mai hijabi har ƙasa, a fitar da 'yan rakiya a tambaye shi a hankali, ba da fuskar tuhuma ba. Mu muna jin nauyin furfura, sai mu tsallake layin a takarda. Ita kuma gwamnati, asibitin Dawanau yana nan yana aiki, amma a bakin mutanen gari sunansa asibitin mahaukata, ba Alhajin da zai yarda a ga motarsa a ƙofar, balle matar aure. A buɗe ɗakin ganin masu wannan matsala a cikin manyan asibitocinmu na cikin gari, inda mutum zai shiga kamar mai zuwa awon jini, a ware wa mata rana da ma'aikata mata.

Malam Edita, ban rubuto wannan don na fi kowa sani ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi aiki a masaƙa, ya taɓa sha da ƙuruciya, ya bari da ya yi aure, ya shekara fiye da 20 bai waiwaya ba, har Makka ya je. Aka rufe kamfanin, bayan 'yan shekaru matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Duk Juma'a nakan kai masa abinci. Na ga hannunsa yana rawa. Na ji warin a ƙarƙashin turaren. Na ga ƙafa ta fara kumbura, na ga farin idonsa ya sauya. Ni da na ja 'ya'yan mutane zuwa bakin famfo na tambaye su, na kasa tambayar wanda ya goya ni. Nakan auna masa jini, in ce, "Yaya, a rage gishiri," shi kuma ya ce, "To, Sista," yana murmushi, mu rabu a haka. Shekara huɗu muna wannan.

Ranar da ya yi aman jini aka kira ni, kafin mu isa asibiti ya galabaita, kwana biyu ya yi. Bayan sadakar bakwai ni na share ɗakinsa, don ban yarda kowa ya shiga ba. A ƙarƙashin katifa na tarar da ledojin, an lanƙwasa kowace an jera su a tsanake, kusa da maganin hawan jinin da nake saya masa. Na tattara su a cikin zanena na fita da su ta ƙofar baya. 'Ya'yansa har yau sun san ciwon hanta ne ya yi ajalinsa, haka ne kuma. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya yafe mini shirun da na yi.

Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.